Sikila: Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar jini, da yadda binciken Kano ya shafi yaran Gwarzo da Kabo

Iyayen da suka taɓa rainon yaro mai cutar sikila, wadda Hausawa suka daɗe suna kira amosanin jini, sun san wani abu mai ɗaure kai game da ita. Ana haihuwar jariri lafiya lau, a yi suna, a yi arba'in, babu abin da ya same shi. Sai ya kai wata biyar ko shida, daidai lokacin da ya fara koyon zama, sannan hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ya shiga kukan da babu rarrashin da ke tsayar da shi. Daga nan sai zaryar asibiti, ƙarin jini, ciwon ƙashi da shawara.

Tun da cutar gado ce, kuma da ita aka haife shi, me ya kare shi a waɗannan watanni na farko?

Masana kimiyya sun shafe fiye da shekara 70 suna bin diddigin wannan tambaya. Amsar da suka samu ce ta haifar da ɗaya daga cikin magunguna mafiya tsada a duniya, ita ce kuma ta bayyana amfanin wani magani mai rahusa da aka gwada a asibitocin birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 70 daga garin Gwarzo.

Yawan yaran da abin ya shafa

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da rukunin jinin AS, wato yana ɗauke da rabin gadon cutar ba tare da ta kwantar da shi ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin binciken da aka yi kan cutar a ƙauyukan Hausa shi ne na Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. A shekarun 1970, yayin wani babban aiki kan zazzaɓin cizon sauro, masu bincike sun gano cewa kusan jarirai 2 cikin 100 ana haihuwarsu da SS. Amma da suka duba manyan yara da magidanta, da ƙyar suka samu mai SS a cikinsu. Yawancin yaran sun rasu kafin su kai shekara biyar, ba tare da an san sunan ciwon da ya ɗauke su ba. Babu mamaki wasu daga cikin matan da ake cewa suna wabi, wannan ce matsalar gidansu.

Ƙidayar 2006 ta nuna akwai sama da mutum 180,000 a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da sama da 150,000 a Kabo, kuma jama'a sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Idan aka ɗauki lissafin Garki a matsayin ma'auni, a cikin kowace haihuwa 1,000 da aka yi a Getso, Lakwaya, Kutama, Garo, Gude ko Durun, za a iya samun jarirai kusan 20 masu sikila.

Dalilin yawan cutar a wannan yanki yana da alaƙa da sauro. Tun 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya yi aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa yaran da ke da AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa gadon ya yaɗu a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Amma wannan kariya ta mai AS ce. Ga mai SS, zazzaɓin yana cikin manyan abubuwan da ke kashe shi.

Harafi ɗaya da ya sauya

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani furotin da ake kira himogulobin, har guda miliyan 270 ko kusa da haka. Aikinsa ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai wa sassan jiki. Ana gina shi ne bisa umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin gado, waɗanda mutum ke karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba.

A 1949 masani Linus Pauling na Amurka ya nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Bayan 'yan shekaru, Vernon Ingram a Jami'ar Kambirij ta Ingila ya gano ainihin bambancin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗu suka yi himogulobin tana da tubala 146 a jere, kuma tubali na shida ne kaɗai aka musanya da wani. Harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun gado.

Sabon tubalin ba ya shiri da ruwa. Da zarar himogulobin ya sauke oksijin ɗin da ya ɗauko, sai wannan tubali ya sami gurbi a jikin wani himogulobin na kusa da shi ya manne. Na biyu ya manne da na uku, a haka har su zama dogayen zarurruka masu tauri, guda 14 a murɗe kamar igiya. Waɗannan igiyoyi ne ke tokare ƙwayar jinin daga ciki, ta tashi daga siffarta ta faifai mai laushi ta koma kamar lauje.

Ƙwayar da ta koma lauje ba ta iya lanƙwasa ta wuce ta ƙananan hanyoyin jini. Tana maƙalewa, ta tare hanya, sashen da jini bai kai gare shi ba ya fara ciwo. Kuma tana saurin mutuwa: lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke samo asali.

Sai dai igiyoyin ba nan take suke haɗuwa ba. A 1974 William Eaton da abokan aikinsa a Amurka sun gano cewa akwai ɗan jinkiri kafin su fara. Idan ƙwayar ta samu ta fice daga matsattsiyar hanya ta koma huhu kafin jinkirin ya ƙare, sai ta sake ɗaukar oksijin, ta tsira. Tsere ne na 'yan daƙiƙoƙi da ake yi a jikin mai sikila dare da rana. Abin da ke yanke hukuncin tseren shi ne kaurin himogulobin a cikin ƙwayar. Idan ya ƙara kauri ko da kaɗan ne, jinkirin yana raguwa ninki-ba-ninki.

Gishiri da ruwa

A nan maganar gishirin jiki ta shigo. Idan gishiri ya narke a ruwa, yana rabuwa zuwa ƙananan ɓurɓushi masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda masana ke kira ayon. Manya daga cikinsu a jikin ɗan Adam su ne sodiyam, fotasiyam, kalsiyam, maganiziyam da kuloraid.

Jar ƙwayar jini tana tsare da ma'auninsu sosai. Fotasiyam ɗin da ke cikinta ya ninka na ruwan jinin da take iyo a ciki fiye da sau 20, sodiyam kuma ya fi yawa a waje. Kalsiyam kuwa kusan ba ta barinsa ya zauna a ciki, da ya shigo take fitar da shi. Ruwa yana bin gishiri duk inda ya tafi, don haka muddin fotasiyam yana ciki, ƙwayar tana nan a cike da ruwanta.

A 1958 wani masani ɗan ƙasar Hungari mai suna György Gárdos ya gano cewa akwai wata ƙofa a fatar ƙwayar jini wadda kalsiyam ke buɗewa, fotasiyam ya fice ta cikinta. Har yau da sunansa ake kiranta, ƙofar Gardos. A jikin mai sikila, duk lokacin da igiyoyin himogulobin suka tokare fatar ƙwayar, kalsiyam yana samun hanyar kutsawa. Masu bincike da dama suna ganin ta wata ƙofa mai jin matsi yake shiga, wadda ake kira Piezo1, da aka gano a 2010 a ɗakin binciken Ardem Patapoutian, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021. Da kalsiyam ya shiga, ƙofar Gardos ta buɗe, fotasiyam ya fita, kuloraid ya bi shi, ruwa ya bi su.

Ƙwayar sai ta tsotse, abin da ke cikinta ya yi kauri kamar kunun da aka manta a kan wuta. Kauri kuma shi ne ke gaggauta haɗuwar igiyoyi, igiyoyi su sake buɗe wa kalsiyam hanya. Haka abin ke zagayawa har ƙwayar ta ƙandare a siffar lauje.

An yi ƙoƙarin rufe wannan ƙofa da magani. Wani mai suna Senicapoc ya kai matakin gwaji na ƙarshe, kuma ya yi abin da aka ƙera shi ya yi: ƙwayoyin jini sun riƙe ruwansu, jinin marasa lafiya ya ƙaru. Amma yawan tashin ciwo bai ragu ba, aka dakatar da gwajin a 2007. Wani maganin, Voxelotor, wanda ke sa himogulobin ya riƙe oksijin don kada ya manne da ɗan'uwansa, an amince da shi a Amurka a 2019, amma kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa a watan Satumbar 2024 saboda damuwa kan lafiyar masu shansa. Gyara abu ɗaya a cikin ƙwayar bai isa ya kwance dukan ƙullin ba.

Duk da haka, wannan ilimi ya bayyana dalilin shawarar da ma'aikatan lafiya ke yawan nanatawa. Ƙodar mai sikila tana rasa ƙarfin tattalin ruwa tun yana ƙarami, don haka yana yawan fitsari ko da ƙishirwa na damunsa. Idan aka haɗa da zafin bazara, aikin gona, zazzaɓi, amai ko gudawa, jini yana ƙara kauri, ƙwayoyin su ƙara tsotsewa. Sanyin hunturu da dukan ruwan damina kuma suna matse hanyoyin jini, su tsawaita tafiyar ƙwayar, ta fāɗi a tseren. Ruwan sha isasshe, rigar sanyi da gidan sauro duk suna da hujja a wannan lissafi. Ƙara gishiri ko kanwa a abinci kuwa ba ya mayar da fotasiyam cikin ƙwaya, domin matsalar ta ƙofa ce.

Makunnin da ke kashewa bayan haihuwa

Komawa ga tambayar farko. A 1948 wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura cewa ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da sikila ba sa saurin komawa lauje. Ta danganta hakan da wani nau'in himogulobin na daban da ɗan tayi ke amfani da shi a cikin mahaifa. Wannan himogulobin na jarirai ba shi da tubalin nan mai mannewa, ba ya kuma shiga cikin igiya. Idan yana da yawa a ƙwaya, yana shiga tsakani ya hana igiyar haɗuwa.

Bayan haihuwa jiki yana rage ƙera shi a hankali, ya koma ƙera na manya. Zuwa wata shida na jarirai ya ja baya sosai, kuma a lokacin ne alamun cutar ke bayyana. Umarnin ƙera shi bai goge ba, yana nan a ƙwayoyin gadon kowane mutum har tsufa. Kashe shi aka yi kamar yadda ake kashe fitila.

Wasu mutane ba ya kashewa gaba ɗaya a jikinsu. Masu sikila a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya, da kuma na yankin Senegal, suna riƙe himogulobin na jarirai fiye da yawancin 'yan Najeriya, kuma cutar tana zo musu da sauƙi. Ko a gida ɗaya akan samu 'yan'uwa biyu masu SS, ɗaya kullum yana kwance, ɗaya sai jefi-jefi. Wannan yana cikin dalilan.

A 2007 da 2008, binciken ƙwayoyin gadon dubban mutane ya nuna yatsa ga wani furotin da ake kira BCL11A. Vijay Sankaran da Stuart Orkin a birnin Boston suka tabbatar cewa shi ne makunnin: yana zuwa ya zauna a bakin umarnin himogulobin na jarirai, tare da wasu furotin da yake gayyatowa, su hana a karanta shi. A 2013 aka gano wani ɗan yanki na rubutun gado wanda ke kunna BCL11A a ƙwayoyin jini kaɗai. Idan aka lalata wannan yanki, mai tsaron ya tashi daga bakin ƙofa, himogulobin na jarirai ya dawo.

Haka maganin Casgevy yake aiki. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a yanke wannan yanki da fasahar CRISPR, a mayar masa da su. Birtaniya ta amince da shi a Nuwambar 2023, Amurka a Disambar shekarar. A gwajin da aka gabatar wa hukumar magunguna ta Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma sai an fara kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi wanda kan iya hana haihuwa, sannan a yi makonni a asibiti na musamman.

Gwajin da aka yi a Kano

Akwai hanya mai sauƙi ta ɗan ɗaga wannan makunni. Wani tsohon magani da ake rubuta sunansa Hydroxyurea a jikin kwalinsa yana ƙara himogulobin na jarirai, yana sa ƙwayoyin jini su ƙara girma da ruwa, yana kuma rage fararen ƙwayoyin da ke taimakawa wajen toshe hanya. Wani gwaji a Amurka a 1995 ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi a manya. A 2019 wani binciken da aka yi da yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda ya nuna yana aiki a Afirka, har ma zazzaɓin cizon sauro ya ragu a tsakanin masu shansa.

Gudummawar Kano ta shafi shanyewar ɓarin jiki. Idan babu rigakafi, kusan 11 cikin 100 na masu SS suna gamuwa da ita kafin su kai shekara 20. Ana iya gane yaron da ke cikin haɗari ta hanyar wata na'ura da ake ɗora wa a gefen kai, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, babu allura, babu zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta matse. A Amurka, irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyalai da asibitoci a Arewacin Najeriya.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, ciki har da Najibah Galadanci da Shehu Umar Abdullahi, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka tambaya ko Hydroxyurea zai iya maye gurbin ƙarin jinin. Bayan gwajin share fage, daga 2016 zuwa 2018 suka ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'urar ta nuna suna cikin haɗari, a asibitin Malam Aminu Kano, Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. An ba rabi miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, rabi kuma miligiram 20.

Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. Yara uku a rukunin farko da biyar a na biyu ne suka samu shanyewar jiki a cikin sama da shekara biyu. A tsohon gwajin Amurka, irin waɗannan yara da ba a yi wa komai ba, kusan 10 cikin 100 ne ke kamuwa duk shekara. An kuma ga cewa masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Maganin na buƙatar kulawar likita da gwajin jini lokaci-lokaci, don haka ba abin saye a kemis a sha da ka ba ne.

Tsakanin birni da ƙauye

Titin da ya tashi daga Kabuga ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo ya isa Gwarzo, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu ce. Ga manomin da ke da yaro mai sikila, kowace tafiya kuɗin mota ce ta mutum biyu, da yinin aiki da ya tafi, kuma maganin kullum ake sha, shekara da shekaru. Amfanin binciken ya dogara ne kan kusantowarsa: na'urar auna jijiyoyi da maganin a Babban Asibitin Gwarzo da makamantansa, da gwajin jarirai a ƙananan asibitocin mazaɓu.

An riga an nuna hakan mai yiwuwa ne a wasu wurare. A Gwagwalada da ke Abuja, ayarin Farfesa Obiageli Nnodu ya gwada jarirai sama da 3,000 a wuraren allurar rigakafi, da ɗan kwalin gwaji mai amfani da ɗigon jini, wanda ba ya buƙatar wutar lantarki. A Kaduna kuma an horar da ma'aikatan jinya su riƙa auna jijiyoyin ƙwaƙwalwa da kansu. Jaririn da aka gano tun kafin wata shida ana iya fara ba shi penisilin, rigakafin cututtuka da na zazzaɓi tun himogulobin na jarirai bai gama janyewa ba.

A ɗaya ɓangaren, a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da na rukunin jini. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ba wai sai ɗa na huɗu ba, kamar yadda wasu ke ɗauka: ɗan fari ma yana iya zuwa da ita, haka na biye da shi. Inda auren zumunci ya yawaita, haɗuwar AS biyu ta fi sauƙi, kuma gwajin ya fi amfani idan an yi shi kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun magana ba ta yi nisa ba.

Dokar za ta yi tasiri ne kan auren da ba a ɗaura ba tukuna. Yaran da aka riga aka haifa suna nan a makarantun allo da na boko a Gwarzo da Kabo, wasunsu jijiyar ƙwaƙwalwarsu ta fara matsewa ba tare da wata alama ba. Aunawar da za ta nuna hakan ba ta kai awa ɗaya ba, maganin da zai kare su kuma a kan yaran Kano aka tabbatar da ingancinsa.